Haihuwa a Kan Amalanke

To, ku matso kusa, hannu na ɓarar gyaɗa, kunne na wajena. Yau ba ta dariya na kawo muku ba, kuma in na kai ƙarshe ba ni zan raba muku gardama ba, ku za ku raba abinku. Ke Delu, rage surutun nan. Ke da cikinki ya fara ture zane ai ke ya fi kamata ki saurara.

A wani ƙauye da ake kira Kwarin Maje an yi wata mata mai suna Sahura, matar wani manomi Nomau. Ƙauyen yana bayan gulbi. Da rani gulbin yashi ne zalla, ko akuya ta ratsa shi ba ta jiƙa kofato, amma da zarar marka ta kama sai ya cika ya batse, ya raba su da duniya. A ɗaya hayin, a Tashar Baure, nan ɗan asibitin yankin yake, ɗaki biyu da baranda. Sahura ta haihu sau uku, duka ukun ba wanda ya kai ranar suna. Kun dai san bakin mutane. An fara ce mata mai wabi a bayan idonta, marasa kunya ma a gaban idon. Da ta sami ciki na huɗu, ba abin da take roƙon Allah a duniya sai abu ɗaya: ɗan nan ya zo da rai, ya zauna, ta ji nauyinsa a bayanta.

A shekarun nan ne hukumar yankin ta kafa dokar haihuwa. Kada ku yi saurin tsine mata, don wallahi ba a banza aka kafa ta ba. Mata sun mutu a ɗaka ba iyaka. Mace ta wuni ta kwana a kan gwiwa ana ɗura mata jiƙo, ana tofa mata addu'a, har numfashi ya ƙare. Wata kuma a sa mata aska a yi mata yankan gishiri wai don a buɗe hanya, ta tashi da yoyon fitsari, miji ya gaji da wari ya sallame ta. Shi ya sa aka ce daga yau ba mai sake haihuwa a gida. Mijin da ya bari, a ci shi tara. Ungozomar da ta sa hannu, karon farko a ja mata kunne ta rantse gaban alƙali, karo na biyu gidan yari. Malamar asibiti kuma ba ta da izinin karɓar haihuwa a wajen asibiti, ko fitar da magani ko ƙwaya ɗaya, saboda an taɓa kama wasu suna kwasar na gwamnati suna kaiwa kasuwa. Sannan a kowane ƙauye aka naɗa mace ɗaya mai sa ido, ta riƙa kai rahoto, in ta ɓoye ita ma gidan yari. Ƙofa ɗaya kawai aka bari: in naƙuda ta kama mace a hanyar zuwa asibiti, ɗa ya faɗo da kansa ba wanda ya sa hannu, wannan ikon Allah ne, ba laifin kowa.

Ai kuwa mutanen Kwarin Maje suka kama wannan ƙofa da hannu biyu. Su dai ba sa son asibitin nan. Suna cewa can ba a barin mace ta durƙusa kamar yadda uwarta ta durƙusa, sai a kwantar da ita rigingine kamar za a yi mata wankan gawa. Sai suka ƙirƙiro dabara. Da zarar naƙuda ta kankama, sai a ɗaura wa shanu amalanke, a shimfiɗa tabarma, a ɗora mace, a fita da ita bayan gari zuwa gindin wata tsamiya da ke kan hanyar gulbi. Nan za a kwance shanu, a kewaye amalanken da zana, ta haihu a kai. In an tambaya, a ce muna hanya abin ya zo. Har yaran da aka haifa haka aka riƙa yi musu laƙabi da 'yan tsamiya, ana dariya, ana ganin an yi wa hukuma wayo. Wayon banza! An ɗauke mace daga ɗakinta mai rufi an kai ta daji, ba a kai ta asibiti ba, ba a bar ta a gida ba.

Yanzu ku riƙe sunayen mata uku, don a kansu za ku yi gardama.

Ta farko Iya Hansai, tsohuwar ungozomar ƙauyen. Kusan duk wanda ke tafiya da ƙafa biyu a Kwarin Maje ita ta yanke masa cibi, har Nomau ɗin. Hannunta ƙanana ne, masu laushi, bakinta kuwa ba laushi ko kaɗan. Amma ba zan ɓoye muku ba, a cikin matan da askar gishiri ta lalata akwai biyu da hannunta ne. An riga an kama ta sau ɗaya, ta dafa Alƙur'ani gaban alƙali cewa ta daina. Ga tsufa, ga wani tari da ya zauna mata a ƙirji.

Ta biyu Malama Kubura, ungozomar asibiti, yarinya ce 'yar birni da ta yi karatun aikin. Ita kaɗai ce a asibitin nan, daga ita sai mai shara, don duk wanda aka turo sai ya ga gulbi da sauro ya nemi canji. Ita ta zauna. Ta iya aiki, amma akwai tsawa, ta sha sa mata kuka a layin awo. Ita ce kuma ta tsaya gaban alƙali ta ba da shaida a kan Iya Hansai. Tun ranar, ko a kasuwa suka haɗu kowa sai ta kau da kai.

Ta uku Lantana, mai sa idon hukuma. 'Yar masunta ce, a cikin ruwa ta tashi, aure ya kawo ta Kwarin Maje. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, ƙaramin bai daɗe da yaye ba. Yunwa ce ta sa ta karɓi aikin da kowa ya ƙi. Ita ta kai rahoton Iya Hansai. Saboda haka ba a kiranta biki, ba a kiranta suna, in ta iso bakin rijiya sai hira ta mutu. 'Yar leƙen asiri, haka ake ce mata, har yara.

To, Sahura ta je awo tun gulbi bai kawo ba. Malama Kubura ta lalluba cikin, ta sake lallubawa, ta ɗaure fuska.

"Sahura, ɗan nan a gicciye yake kwance. Kada ki yarda a kai ki gindin tsamiyar nan taku, na san da ita. Ki hayo ki zauna kusa da ni tun ruwa bai rufe hanya ba. Kin ji ko ba ki ji ba?"

Sahura ta ce ta ji. Ta koma ta gaya wa Nomau ƙasa-ƙasa, kanta a sunkuye, don wannan ba magana ce da mace ke ɗaga murya a kanta ba. Nomau ba mugu ba ne, yana son matarsa. Ya ce, "To, bari mu gama maimai tukuna." Uwarsa Inna Yalwa, da ido ɗaya ya riga ya mutu amma kunne garau, ta jiyo daga bayan danga ta ce, "Mu da muka zubar da goma a bayan ɗaki, wa ya auna mu?" Sahura tana tsoro, amma kunya ta fi tsoron ƙarfi. Ranar da aka gama maimai, ranar gulbi ya kawo.

Naƙuda ta kama ta da sassafe. Ta cije, ta ɓoye, irin tamu ta mata da ake yabon wadda ba a ji nishinta ba. Ta share gida, ta ɗauki taɓarya, sai da hantsi ya ɗaga aka ji ta faɗi a gindin turmi. Aka ɗaura shanu. Nomau ya ja amalanke zuwa tsamiya, ya kafa zana, ya kwance shanun ya yi nisa da su ya juya baya, kamar yadda maza ke yi. Ga gulbi can gaba yana ruri, ja wur, yana tafe da itatuwa. Sahura na durƙushe a kan amalanke, Inna Yalwa na riƙe da ita, rana ta take tsaka ba labari. Can sai tsohuwar ta leƙa da idonta mai gani, ta saki salati da ƙarfi. Abin da ya fito ba kai ba ne. Hannu ne, ɗan ƙaramin hannu, ya yi shuɗi-shuɗi.

Nomau ya sheƙa a guje sai gidan Iya Hansai. Ya same ta tana kaɗi a inuwa, ya zube a gabanta.

"Iya, ki taimake ni don Allah don Annabi. Hannu ne ya fito."

"Nomau, na dafa Alƙur'ani," in ji ta. "Kana so in mutu a gidan yari?"

Sai ya fashe da kuka, ƙaton namiji. Ta daɗe tana kallon mazarinta. Sannan ta yi tsaki, ta ce, "Shiga ɗaki ka ɗauko mini ƙwaryar man shanu, shashasha, ɗan maimai." Ta iso tana tari, ta hau amalanke da rarrafe. Ta wanke hannu, ta shafa mai har gwiwar hannu, ta ce wa Sahura, "Yau kam yi ihunki, 'yar nan, ba mai yi miki gori." Ta mayar da ɗan hannun ciki a hankali, ta bi da nata, tana lalube tana addu'a, har ta kamo ƙafafu. Sahura ta yi ihun da tsuntsaye suka watse daga tsamiya. Aka jawo jaririya mace, laƙwas, ba motsi. Iya Hansai ta sa baki ta tsotse mata hanci, ta tofar, ta hura, ta murza bayanta, ta sake hurawa. Sai ga atishawa, sai ga kuka. Sahura ta ji kukan nan har cikin ƙashinta. Da ba don Iya Hansai ba, da uwa da 'ya a kan amalanken nan za a yi musu sutura, wannan ba mai musu.

Amma mabiyiya ta ƙi faɗowa. Aka sa wa Sahura muciya a baki ta yi kakari, shiru. Aka ba ta kwalba ta hura, shiru. Iya Hansai ta ƙosa, tana waige-waige kada a gan ta, sai ta naɗe igiyar cibiya a yatsa ta ja. Igiyar ta tsinke a hannunta. Jini ya ɓalle. Suka tura tsumma, ya jiƙe, suka tura zanen Inna Yalwa, ya jiƙe. Tsohuwar ungozoma ta zauna daɓas ta ce, "Wannan ya fi ƙarfina. Wannan sai mai allura."

Ashe duk abin nan Lantana na laɓe a bayan wata sabara. Ta biyo sawun amalanke ne don ta gani da idonta ta kai rahoto, ba don komai ba. Ta ga shigar Iya Hansai, ta ji kukan jaririya, aikinta ya kammala, saura ta juya gida. Har ta miƙe, sai idonta ya kai ƙarƙashin amalanke, ta ga jini na ɗiga ta tsakanin katakai yana taruwa a ƙasa. Ta san irin wannan ɗigar, haka yayarta ta tafi. Ta fito fili. Da Inna Yalwa ta gan ta sai ta ɗora hannu a ka ta ce, "Shi ke nan, mun shiga uku, ga 'yar leƙen asiri." Lantana ko kallonta ba ta yi ba. Ta ce wa Iya Hansai, "Iya, danne mata mara da duk ƙarfinki, kada ki saki sai na dawo." Ta ruga gida ta sauko da goran kamun kifi na ubanta, wanda yake rataye tun zuwanta garin, ta ɗaure zane tamau ta faɗa gulbin da mazan ƙauyen suka tsaya kallo daga nesa. Ruwa ya ja ta ya yi ƙasa da ita. Wani kututture ya make ta a haƙarƙari har ta ji ƙas. Ta fita can ƙasa da mashigi, ta biyo gaɓa da gudu tana riƙe da gefenta, ta faɗa asibiti jiƙe sharkaf. Da ba don Lantana ba, ba wanda zai kai labari hayin, da Sahura ta tsiyaye kafin la'asar. Wannan ma ba mai musu.

Malama Kubura ta saurare ta tana tsaye. Ta san doka sarai, ita ke karanta wa mata ita a layin awo. Ta dubi gadajen asibitin guda biyu, ba kowa a kai. Mai shara ya tafi gona. Ta ce, "Ban iya ruwa ba." Lantana ta ce, "Ni na iya, Malama. Ke dai rungume goran ki rufe ido." Kubura ta buɗe kabad ta kwashi allurar tsayar da jini da ledar ƙarin ruwa da safar hannu, ta ƙulle a leda ta ɗaure a ka, ta ja ƙofa ta danna kwaɗo. Ta kwanta a kan gora tana salati, Lantana na tura ta da karyayyen haƙarƙari, suka sha ruwa suka ƙoshi, amma suka haye. Ta sami Sahura ta yi fari fat, leɓe ya bushe, ido ya kafe, Iya Hansai na kanta ta danne mara da gwiwar hannu tana tari. Ba gaisuwa. Kubura ta ce, "Iya, matsa nan, riƙe mini ƙafarta." Tsohuwa ta riƙe. Kubura ta yi allura, ta rataye ledar ruwa a reshen tsamiya, ta sa hannu ta ɓanɓaro mabiyiyar kaɗan-kaɗan har ta fito duka. Jini ya ragu, ya ragu, ya tsaya. Ba ta iya tafiya nan take ba, don bugun jijiyar hannun Sahura sai ya ɓace ya dawo. Sai da rana ta yi sanyi Sahura ta buɗe ido ta ce, "Ina 'yata?" Da ba don Malama Kubura ba, da jaririyar nan ta sha nonon akuya. Wannan ma ba mai musu.

To, ku dakata da hamdala, ban gama ba.

A daidai lokacin da suke gindin tsamiya, wani mutum Korau, daga wani ƙauye na hayin asibiti, ya iso da matarsa Tasalla a kan babur, ƙanwarsa na riƙe da ita ta baya. Shi bai yi wa doka wayo ba. Ungozomar garinsu tana nan ƙofa da ƙofa da shi, bai kira ta ba, ya ce hukuma ta hana. Ya kawo matarsa inda aka ce a kawo, ya tarar da kwaɗo. Ya buga ƙofa, ya kewaya, ya yi kira har muryarsa ta dushe. Jijjiga ta kama Tasalla a kan barandar nan, irin wadda allurarta ke cikin kabad, taku kaɗan daga inda take kwance. Kafin a samo motar da za ta kai su birni, ta cika, da ɗanta a ciki. Da Kubura ta hayo da yamma, abin da ta tarar ke nan, an lulluɓe mace da zane a bakin ƙofarta, miji na zaune a ƙasa.

Magana ta kai sama, aka ce lallai a hukunta. Aka gurfanar da su ukun, aka kawo Sahura a kan tabarma da jaririyarta. Ba wadda ta yi ƙarya. Iya Hansai ta ce ita ta sa hannu, ita ta tsinka igiya. Lantana ta ce ita ta ɓoye ba ta kai rahoto ba, ita ta je ta janyo Malama. Kubura ta ce ita ta danna kwaɗo da hannunta. Nomau kuwa aka ci shi tara ya sayar da sa ɗaya, doka ba ta neman komai a wuyansa bayan wannan. Alƙalin dattijo ne, ya san yankin, ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya dubi Sahura.

"Baiwar Allah, in na bi doka yadda take, duka ukun gidan yari za su, ga kuma rai da aka rasa. Iyakar sassaucin da aka bar mini shi ne in riƙe ɗaya in sallami biyu da gargaɗi, in har ke da abin ya faru a kanki kin rantse cewa wance ce tushen lamarin. In kin yi shiru, na riƙe su duka."

Sahura ta ce, "Allah ya gafarta Malam, su suka ba ni rai."

"Na sani," in ji shi. Ya nuna Korau da ke rakuɓe a gefe. "Shi ma wancan ya sani. Yanzu kina cikin jinin biƙi, ba ki taɓa Alƙur'ani. Je ki, in kin yi arba'in ki dawo da suna ɗaya."

Haka Sahura ta yi jegonta, jegon da ba ta taɓa kaiwa ba. Ana dafa ruwa ana fyaɗa mata ganye, ana dama mata kunun kanwa, jaririya na tsotso tana ƙiba, ita kuwa tana ramewa. Abin da ta roƙa Allah ya ba ta, ga shi a cinyarta, amma ko sau ɗaya ba ta yi dariya ba.

Iya Hansai ta zo, tana dogara sanda. Kuna zaton za ta ce na ci zamanina, faɗi sunana? Ina! Tsohuwar nan mai bakin tsiya, da ba wanda ya taɓa ganin hawayenta, ta kama ƙafar Sahura tana kuka. "'Yar nan, ba mutuwa nake tsoro ba, ta kusa ko yaya. Kada dai ki bari in mutu a hannun gandurobobi, ba wanda zai laƙanta mini kalmar shahada, ba nawa a wajen wanka. Na karya rantsuwa saboda ke." Sahura ta san gaskiya ne, da tarin nan tsohuwar ba za ta kai wata damina a ɗaure ba. Ta kuma san in gulbi ya sake kawowa, a duk wannan hayin ba sauran hannun da ya iya juya ɗa.

Malama Kubura ta zo duba ta, ta rame, ido ya faɗa. Ta auna jaririya, ta duba cibi, ba tsawa ko ɗaya. Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Sahura, ki faɗi ni. Ni na rufe ƙofar. Tun ranar ban yi barcin kirki ba, gara a ɗaure ni ko na huta." Amma tana fita sai ga mata daga ƙauyukan hayi da na nan, masu ciki tulu-tulu, har da waɗanda ta sha zagi, sun cika tsakar gida. Suka ce, "In kika ambaci Malama, ƙwace takardarta za a yi, kuma kin san ba mai zuwa ya maye gurbinta. Kwaɗon yini ɗaya ya ci Tasalla, kina so a danna na har abada? Mu ina za mu?"

Lantana ba ta zo ba. Ba ta aiko ba, ba ta roƙa ba. Ta san garin da take. Inna Yalwa da matan unguwa kullum suna kunnen Sahura: "Me kike wani tunani? Ga 'yar leƙen asiri nan, bare ce, ba dangin iya ba na baba. Ba don idonta ba, ai da a ɗaki kika haihu, Iya ta yi aikinta a natse ba gaggawa." Wata rana Sahura ta fita bayan gida ta hango Lantana ta kan danga. Tana zaune ta ɗaure ƙirji da tsumma, tana koya wa babbar 'yarta, yarinyar da ko tsayin turmi ba ta gama wucewa ba, yadda ake tuƙa tuwo da yadda ake goya ƙaninta. Tana cewa, "Sake, ba haka ba. In ba na nan wa zai gyara miki?" Sahura ta koma ɗaki ta kifa kai a kan gado.

Ranar ta zo. Sahura ta yi wanka, ta goya 'yarta, gulbi ya janye aka haye da ƙafa. Ga su ukun a jere a kan benci, ga Korau a inda yake zama, ga Alƙur'ani an ajiye a gabanta. Alƙali ya ce, "Bismillah, baiwar Allah."

Nan na tsaya. Kada wani ya ce mini ta yi shiru, kun ji abin da shiru zai jawo. Kada wani ya ce ta faɗi kanta ko mijinta, doka ba ta karɓa ba. Kada kuma ku ce mini dokar ce mai laifi, ko da gaskiyarku, doka ba ta zama a kan benci a ɗaure ta. Tsohuwar da ta fito da 'yar da rai ta kuma tsinka igiya, ko malamar da ta tsayar da jini ta kuma danna kwaɗo, ko mai 'ya'ya huɗun da ta ratsa gulbi ta kuma janyo malamar daga bakin aikinta. Ke Delu, ajiye gyaɗar nan, ke za ki fara. Hannunki ne a kan Alƙur'ani, 'yarki na numfashi a bayanki. Sunan wa za ki faɗa?